Neman Kankare: Yadda Rushe Filayen Zamiya Ya Haifi Al'adar Tafiya a Amurka

Duk shekara, idan sanyi ya wuce a Amurka kuma makarantu suka tafi dogon hutu, akwai wani irin ayari da ke hawa hanya. Mutum biyar ko shida ne a cikin ƙaramar bas guda, galibinsu matasa, ko da yake a yanzu ba a rasa magidanci mai furfura a cikinsu. Kayansu ba su taka kara sun karya ba: jakar barci, ɗan abinci, kyamara, tsintsiya, sai kuma allunan zamiya. Allon zamiya, wanda masu shi ke kira skateboard, katako ne mai tsawon kimanin santimita 80 da aka ɗora a kan ƙananan tayoyi huɗu. Mutum kan tsaya a kai ya tura da ƙafa ɗaya, ya sulala. Tsintsiyar kuwa ta share tsakuwa ce, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa ta kayar da gwani.

Da yawa daga cikin waɗannan ayarori sukan bi babbar hanya mai lamba 5, wadda ta tashi daga iyakar Meziko ta bi ta Kalifoniya da Oregon da Washington har iyakar Kanada, tafiyar da ta haura kilomita 2,200. Ba gasa suke zuwa ba, kuma babu mai biyansu. Suna tsayawa ne gari gari, su shiga filin zamiyar garin, su yi awa biyu ko yini guda, su ƙara gaba.

Mai karatu na iya tambaya: mene ne dalilin wannan wahala? Ɗan ƙwallon ƙafa ba ya ƙona mai ya je wata jiha don kawai ya taka filinta, tunda doka ta tsara faɗin fili da tsawon raga, kuma wanda ya ga ɗaya kamar ya ga sauran ne. Filin zamiya ba shi da irin wannan ma'auni. Kowanne da zurfinsa, da lanƙwasarsa, da santsin simintinsa, gwargwadon hannun wanda ya shafe shi. Wannan rabin amsar ke nan. Ɗaya rabin yana cikin tarihi, domin al'adar tafiyar ta samo asali ne daga lokacin da filayen suka kusa ƙarewa ƙaf a ƙasar.

Daga bakin teku zuwa busasshen tafki

Wasan ya fito ne daga masu hawan igiyar ruwa na gaɓar Kalifoniya a shekarun 1950. A ranakun da teku ya kwanta babu igiya, sai su ciro tayoyin takalmin zamiya su kafa a jikin katako, su kwaikwayi hawan ruwa a kan titi. Zuwa 1963 kamfanoni irin su Makaha na Larry Stevenson sun fara ƙera alluna na sayarwa, kuma a watan Mayun 1965 mujallar Life ta sa hoton Patti McGee a bangonta, tana tsaye da hannu a kan allo, ƙafafu a sama. Sai dai tayoyin wancan zamani na ƙarfe ne ko na wani haɗi mai tauri kamar gasasshen yumɓu, ba sa riƙe ƙasa. Yara suka yi ta karyewa, likitoci suka yi gargaɗi, garuruwa da dama suka hana wasan a tituna, kuma kafin ƙarshen 1966 kasuwar ta faɗi warwas.

Abin da ya farfaɗo da shi taya ce. Wani matashi mai suna Frank Nasworthy ya ga tayoyin wata roba mai suna yuretan a wata masana'anta a jihar Virginia, ya gwada su a allonsa, sannan ya kafa kamfanin Cadillac Wheels a Kalifoniya a farkon shekarun 1970. Sabuwar tayar tana da laushi, tana kama siminti, ba ta zamewa a kwana. Da ita aka gano cewa allo zai iya hawa bango muddin bangon yana da lanƙwasa.

Bango mai lanƙwasa kuwa Kalifoniya tana da shi da yawa, a bayan gidajen masu hali. Tun daga 1948, lokacin da mai tsara lambu Thomas Church ya gina wani tafkin ninkaya mai siffar ƙoda a lambun Donnell da ke Sonoma, irin wannan tafki mai gindi kamar ƙwarya ya zama yayi a jihar. Da fari mai tsanani ya afka wa Kalifoniya a 1976 da 1977, aka matsa wa jama'a su yi tsimin ruwa, tafkuna da yawa suka zauna wayam. Samarin unguwannin Venice da Santa Monica, musamman 'yan ƙungiyar Zephyr irin su Tony Alva da Jay Adams da Stacy Peralta, suka shiga farautar su. Sukan zaga unguwanni a mota a hankali, ɗaya yana leƙen bayan katanga. In sun sami tafkin da ba kowa a gidan, su tsallaka, su kwashe ragowar ruwan da bokiti, su yi wasa har mai gida ko 'yan sanda su iso.

Wannan farauta ita ce tafiya ta farko. Ba da jimawa ba ta wuce iyakar unguwa. Aka ji labarin wani ƙaton bututun siminti na fitar da ambaliya a gindin dutsen Baldy, aka nufi can. Aka kuma ji cewa a hamadar Arizona gwamnati ta jibge bututu masu faɗin fiye da ƙafa 20 don aikin jawo ruwa daga kogin Colorado, sai motoci suka riƙa tasowa daga Los Angeles, tafiyar awa shida ko fiye, don a shiga cikinsu kafin a binne su. Mujallar Skateboarder, wadda ta dawo da fitowa a 1975, tana buga hotunan, kuma kowane hoto yana tayar da wani sabon ayari.

Shekaru biyar na gini, sai katafila

'Yan kasuwa sun lura da abin da ke faruwa. A 1976 aka buɗe filayen zamiya na kuɗi a Port Orange ta Fulorida da kuma Carlsbad ta Kalifoniya, kuma cikin 'yan shekaru adadinsu ya kai wajen 200 a faɗin ƙasar. Mutum zai biya kuɗin shiga, ya sa hular kwano, ya yi wasa na awa ɗaya ko biyu. Wasu daga ciki, kamar Pipeline na garin Upland da aka buɗe a 1977 da Del Mar Skate Ranch na 1978, sun yi kyau ƙwarai, kuma a Del Mar ne yaro Tony Hawk ya koyi sana'arsa. Amma da yawa 'yan kwangilar da ba su taɓa taka allo ba ne suka gina su, suka bar tudu inda ya kamata a yi santsi.

Abin da ya kashe su shi ne inshora. A Amurka, wanda ya ji rauni a wurin kasuwancin wani yana iya kai ƙara ya nemi diyya mai tsoka, don haka duk mai irin wannan fili dole ya sayi inshora. Kamfanonin inshora suka dubi wasan da faɗuwa take cikin jininsa, suka tsawwala farashi. A daidai lokacin kuma yayin ya fara sanyi, masu biyan kuɗin shiga suka ragu, filayen da aka gina a kansu kuma suka yi daraja a idon masu gina gidaje da shaguna. Zuwa farkon shekarun 1980 an rufe mafi yawansu, an cike ramukan da ƙasa ko an farfasa su da katafila. Del Mar ya jure har 1987, Pipeline har 1988. Mujallar Skateboarder ma ta sauya suna da alƙibla a 1980.

Ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka tsira shi ne Kona, a birnin Jacksonville na Fulorida. An buɗe shi a 1977, iyalin Ramos suka karɓe shi a 1979 suka riƙe shi cikin shekarun da babu riba, kuma har yau yana aiki. Shi ne mafi tsufa a cikin filayen zamiya masu zaman kansu da suka rage a duniya. A shekarun 1980, yaron da ke zaune a tsakiyar Amurka kuma yana son ya taɓa hawa ƙwaryar siminti ta gaske, sai ya yi tafiyar kwana biyu a mota kafin ya ga ɗaya.

Lokacin da hanya ta zama gida

Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Waɗanda suka ƙi barin wasan suka koma gina gangara da katako a bayan gidajen iyayensu, mai siffar rabin bututu, su hau wannan gefe su sauko su hau wancan. Irin waɗannan gangarori ba su da adireshi a littafin waya. Sai wanda ya san wani ya san inda suke. A watan Janairun 1981 Fausto Vitello da abokansa suka fara buga mujallar Thrasher a San Francisco, a kan takarda mai arha, kuma ita da ƙananan ƙasidun da yara ke bugawa da injin kwafi suna aika wa juna ta gidan waya suka zama taswirar wannan ɓoyayyiyar duniya. Ɗan Texas zai rubuta wa ɗan Virginia, ya je ya kwana a falon gidansu mako guda, badi shi ma ya karɓi baƙuncinsa. Ka'idar da ba a rubuta ba ita ce baƙon da ya zo da allo ba ya kwana a waje.

A gefe guda kuma wata dabara ta sauya ma'anar wurin wasa baki ɗaya. A ƙarshen shekarun 1970 wani yaro ɗan Fulorida, Alan Gelfand, ya gano yadda zai tashi sama da allo a bakin ƙwarya ba tare da ya riƙe shi da hannu ba, aka sa wa dabarar laƙabinsa, wato ollie. A 1982 Rodney Mullen ya nuna yadda za a yi ta a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa: a buga wutsiyar allon da ƙafar baya, a ja ta gaba sama, allo ya bi mutum. Daga nan matakala, benci, gefen titi da ƙarfen dafawa duk suka zama abin wasa. Birane suka shiga jerin wuraren ziyara, kamar dandalin Embarcadero a San Francisco da Love Park a Philadelphia.

Kamfanonin alluna suka mayar da tafiyar hanyar talla. Duk bazara sukan cusa gwanayensu a bas su zaga ƙasa, su yi nuni a harabar ajiye motoci ta shagunan ƙananan garuruwa. Kaset ɗin bidiyo ya kai labarin inda bas bai kai ba. A 1987 Stacy Peralta, wanda a lokacin ya zama mai kamfani, ya fitar da fim ɗin The Search for Animal Chin, inda Tony Hawk da Steve Caballero da Lance Mountain da Mike McGill da Tommy Guerrero suke yawon neman wani tsohon gwani na almara, daga wani magudanar ruwa a Hawaii zuwa San Francisco da Las Vegas, har suka ƙare a wata ƙatuwar gangarar katako a fili fetal. Ba su sami tsohon ba. Yaran da suka kalli kaset ɗin har ya ƙoƙe sun fahimci cewa yawon shi ne abin nema, kuma da yawansu da suka sami lasisin tuƙi abin da suka fara yi ke nan.

Masu yawo sun zama magina

Sauyi mafi girma ya faru ne a ƙarƙashin wata gada. Birnin Portland na jihar Oregon wuri ne mai yawan ruwan sama, kuma jiƙaƙƙen siminti ba ya wasuwa. A 1990 wasu samari, cikinsu har da Mark Scott da ake kira Red, suka sami wani wuri a ƙarƙashin gadar Burnside wanda gadar ta yi wa rumfa. Wurin juji ne, matattarar masu shaye-shaye. Ba su nemi izinin kowa ba. Suka share, suka kwaɓa 'yan buhunan siminti, suka yi wa gindin wani bango lanƙwasa. Daga baya suka riƙa roƙon direbobin motocin kankare da ke aikin hanya a kusa su juye musu ragowar da ta saura. 'Yan kasuwar unguwar suka ga wurin ya tsabtatu kuma ɓata-gari sun ragu, suka goyi bayansu, kuma a 1992 majalisar birnin ta amince filin ya zauna.

Burnside ya zama wurin da kowane ayari ke son kaiwa, kuma duk wanda ya je ya koma gida da tunani ɗaya: ashe ana iya yi da kai. Aka yi irinsa a ƙarƙashin babbar hanya a Philadelphia, wanda ake kira FDR, aka yi wani a titin Washington na San Diego. Mafi muhimmanci, samarin da suka koyi shafe a Burnside ta hanyar kuskure da gyara suka zama ƙwararrun magina. Mark Scott ya kafa kamfanin Dreamland, Mark Hubbard na Seattle kuma ya kafa Grindline. Iliminsu ya fito ne daga shekarun yawo: sun hau ɗaruruwan tafkuna da bututu da magudanai, ƙafafunsu sun san irin lanƙwasar da ke ba mutum gudu da wadda ke jefar da shi.

Suna buƙatar abu ɗaya, wato hukumar da za ta yarda ta ba su aiki, kuma a nan doka ta shigo. A 1997 majalisar dokokin Kalifoniya ta sanya wasan cikin jerin wasanni masu haɗari da mai yinsu ke ɗaukar alhakin kansa, abin da ya rage wa ƙananan hukumomi fargabar biyan diyya idan wanda ya kai shekara 14 ya ji rauni a filin gwamnati. Jihohi da dama suna da irin wannan kariya ko suka samar da ita. Sai ga shi matsalar da ta rushe filaye masu zaman kansu a 1980 an warware ta ga filayen jama'a. A lokaci guda kuma wasan ya shiga talabijin ta gasar X Games da aka fara a 1995, kuma a 1999 Tony Hawk ya yi juyi biyu da rabi a iska a gaban kyamara a San Francisco. A shekarar ce kuma wasan kwamfuta mai ɗauke da sunansa ya fito, da filin Burnside a ciki, yaran duniya suka haddace kusurwoyinsa tun ba su san inda Oregon take ba.

A 1999 ɗin dai aka kammala filin Lincoln City, ƙaramin gari a gaɓar tekun Oregon, da hannun su Mark Scott. Sai Newberg, sai Aumsville, sai Hailey a jihar Idaho, sai tsibirin Orcas a Washington. Garuruwan da ba a taɓa jin sunansu ba suka wayi gari da motoci masu lambar jihohi masu nisa a bakin filayensu. A 2002 Tony Hawk ya kafa gidauniya don tallafa wa unguwannin marasa ƙarfi su gina nasu, wadda tun 2020 ake kira The Skatepark Project. A 2005 birnin Portland, wanda shekaru 15 baya aka yi masa gini ba da izininsa ba, ya amince da tsarin gina filaye 19. A jihar Montana, makaɗin ƙungiyar Pearl Jam, Jeff Ament, ya zuba kuɗinsa wajen gina filaye a ƙauyuka da yankunan 'yan asalin ƙasar, ciki har da na Browning a yankin al'ummar Blackfeet a 2015.

Abin da ake zuwa gani yanzu

Yau Amurka tana da dubban filayen zamiya, mafi yawansu na ƙananan hukumomi ne kuma kyauta ake shiga. Wanda aka buɗe a Des Moines ta jihar Iowa a 2021 ya kai murabba'in ƙafa 88,000. A shekarar ce kuma wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo, inda Momiji Nishiya 'yar Japan ta ci zinare tana da shekara 13. Hankali zai ce tunda ƙarancin da ya haifi tafiyar ya gushe, ita ma za ta gushe. Sai ma ta ƙaru. Mujallar Thrasher ta mayar da ita gasa a 2003, mai suna King of the Road, inda ƙungiyoyi suka riƙa ratsa ƙasar a bas suna cika sharuɗɗan da aka rubuta musu a littafi. Ayarin talakawa kuma, wanda ba shi da mai ɗaukar nauyi, yana tsara hanyarsa ne da taswirar waya, yana bin sunayen magina kamar yadda mai son gine-gine ke bin aikin gwanin da yake ƙauna.

Darasin Burnside ma ya ƙetare teku. A unguwar Kitintale ta Kampala, Jackson Mubiru da abokansa sun gina fili da bulo da siminti a tsakiyar shekarun 2000 ba tare da jiran gwamnati ba, kuma a 2021 ƙungiyar Surf Ghana ta buɗe Freedom Skatepark a Accra.

Sai dai akwai wani dalilin da ke sa tsofaffin hannu ba sa ɗage tafiya zuwa badi. Sun san cewa kankare, duk da nauyinsa, ba ya da tabbas. Love Park, wanda aka hana wasa a cikinsa a 2002, an farfasa shi a 2016 aka sake masa fasali. A birnin Tampa na Fulorida akwai wata tsohuwar ƙwarya ta ƙarshen shekarun 1970 da ake kira Bro Bowl. A 2013 ta zama filin zamiya na farko da ya shiga kundin wuraren tarihi na Amurka, amma hakan bai hana a rushe ta a 2015 ba, aka gina kwafinta a gefe. A Ingila kuwa filin Rom da ke gabashin Landan, wanda aka gina a 1978, ya sami kariyar hukumar adana kayan tarihi a 2014. Ko wane fili zai ga irin ƙarshen Bro Bowl ko irin na Rom, wannan yana hannun majalisun garuruwa da farashin filaye da lauyoyin inshora, mutanen da galibinsu ba su taɓa taka allo ba.

Shi ya sa idan bas ya iso Portland da yamma, ana yayyafi, matafiyan sukan gangara ƙarƙashin gadar da ladabi. Baƙo ba ya faɗawa ƙwarya haka kawai. Yakan tsaya a gefe ya kalli 'yan gida, ya gane layin da kowa ke bi, ya jira lokacinsa. Har yanzu masu wasa a wurin ne ke gyara shi da gudummawar da suka tara, kuma idan an yi sa'a ana aikin faci ranar, mai yiwuwa a miƙa wa baƙon shebur kafin ya kai ga sauke allonsa.